Bukkar da Iya Ta Kafa wa Surukarta

A Arlit aka haife ni, a unguwar ma'aikata da muke kira site, inda gidaje suke jere iri ɗaya, har baƙo yakan ɓata ya shiga gidan da ba nasa ba. Babana mutumin Damagaram ne. Ya hau arewa da ƙuruciyarsa lokacin da ake neman direbobi ido rufe, ya yi shekaru yana tuƙa manyan motocin da ke kwaso dutse daga ramin uraniyom. Innata kuwa Ba'abzina ce, daga wani kwari cikin duwatsun Ayar inda danginta suke lambu da kiwon awaki. Babban fari ne ya koro su gari tana budurwa, a nan suka haɗu da Baba. Har yau in tana Hausa ba ruwanta da bambanta mace da namiji. In ta ce "ya zo", sai ka leƙa ka ga ko wane ne.

Ina karatu a jami'a a Yamai abubuwa suka fara lalacewa a gida. Farashin uraniyom ya faɗi, kamfani ya shiga rage ma'aikata, sunan Baba ya fito a ciki. Aka karɓe gidan site, muka koma bayan gari, unguwar da ake gini da laka da fasassun ganguna. Ana cikin haka sashenmu ya zaɓi ɗalibai ƙalilan da za su je Zariya shekara guda ta hanyar musayar ɗalibai, su gyara Ingilishinsu, su kuma ɗauki darussan nazarin al'ummomi da al'adunsu. Ina cikin waɗanda aka zaɓa.

Da na zo hutu na faɗa wa Baba, bai yi murna ba. Ba karatun yake ƙi ba. Abin da ya dame shi, ba mu da kowa a Zariya, shi kuma ba zai saki 'yarsa a ƙasar da ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Wanda ya warware maganar wani abokinsa ne, Bazazzage mai kantin atamfa da shadda a kasuwa, muna ce masa Baba Alhaji. Ya zo Arlit tun lokacin da kuɗi ke yawo a gari, ya auri wata Ba'abzina ƙawar Inna, suna da yara biyu, mace da namiji. Ya zo hira da yamma ya tarar ana maganar, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "In don masauki ne, mahaifiyata tana Samaru, daga gidanta ana hango katangar makarantar. Ɗakuna a rufe, ba kowa sai ita."

Ranar tafiya ya kawo mini saƙo in kai mata: dabino, cuku, da turmin atamfa. Ya ce, "In ta tambayi yara, ki ba ta labari yadda kike so. Ni dai ba za ta tambaye ki ni ba." Na ɗauka ko saɓani ne a tsakaninsu, ban tona ba.

Na bi ta Agadas da Damagaram na shiga Kano, daga can na hau motar Zariya. Ƙarshen damina ne. Tun daga hanya nake kallon dawa ta fi mutum tsawo, da ruwa kwance a gefen titi ba mai kula shi. A garinmu in an yi yayyafi mutane fitowa suke su tsaya a ciki.

Tsohuwar, wadda kowa ke kira Iya, 'yar ƙarama ce mai saurin tafiya, hannuwanta kullum suna sheƙi saboda man gyaɗa. Sana'arta ke nan, mai da ƙuli-ƙuli. Matan unguwa sukan taru a tsakar gidanta tun da hantsi, wasu na suya, wasu na murza, wasu na matsa, bakin kowa na aiki. Ta karɓi saƙon ta ajiye a gefe ba ta buɗe ba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba sa ba ku abinci ne a can?" Kafin in wanke ƙafa an kawo tuwo.

Washegari na ce ina son in sayi bik da kaye kafin in tafi lakwal. Matan tsakar gidan suka fashe da dariya. Wata ta ce in sake faɗa. Na nuna musu da hannu, suka ce ai biro da littafi ke nan, lakwal kuma makaranta. Da na ce daga otogar, wato tashar mota, na ɗauki tasi, wata har da riƙe ciki. Iya ta bari suka gama, ta ce, "Ku ƙyale mini yarinya. Hausa ce take yi. Nasaransu ne daban da namu." Daga ranar suka laƙaba mini 'yar Faransa, har na bar gidan ban ji sunana a bakin kowa ba.

A aji na sha wahala a watannin farko. Malami na magana ina juya ta zuwa Faransanci a kaina, kafin in gama ya wuce. Akwai wani malami dattijo da ba ya zama, yana koyarwa yana kai da kawowa tsakanin kujeru. Shi ne ya ce kowannenmu ya nemi wasu mutane kusa da inda yake kwana, ya zauna da su, ya kalli yadda suke rayuwa, ya yi tambaya, a ƙarshen shekara ya rubuto abin da ya gani. Wasu suka zaɓi mahauta, wasu masu gyaran keke. Ni ban yi dogon tunani ba, na ce matan tsakar gidan Iya.

Da na nemi izininta, sai ta goge hannu a zane ta ce, "Wato za ki riƙa tambayarmu kina rubutawa."

Na ce, "Haka ne, Iya."

Ta ce, "To, ba kyauta ba. In kin yi mini ɗaya, ni ma in yi miki ɗaya."

Haka muka yi ta yi. In na tambaye ta wa ya koya mata matsar mai, ta faɗa mini labarin gwaggonta da ta riƙe ta, sannan ta ce, "Mutanen garinku da me suke karin kumallo?" In na tambayi yadda matan suke raba aiki, ta amsa, sai ta ce, "Masu kanti a kasuwarku, a tsaye suke wuni ko akwai wurin zama?" Wata rana ta ce, "Wanda yake da ciwon gwiwa tun yana yaro, in sanyin can ya kama shi, akwai mai gasa masa?"

Na amsa cewa akwai asibitin kamfani, amma na ma'aikata ne. Ta ci gaba da juya gyaɗa a kasko. Da ta shiga ɗaki, matar da ke kusa da ni ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ke da karatunki ba ki gane ba? Ɗanta take tambaya. Ɗan fari ne."

Na san kunyar ɗan fari, na ji ana faɗa a dangin Baba, mun ma karanta irinta a aji. Amma ni 'yar fari ce, kuma Inna takan tsaya a ƙofar gida ta kira sunana har a ji a layi na gaba, don haka ban taɓa ganin abin da idona ba. Daga ranar na sake salon amsa. In ta tambayi kasuwa, sai in ce, "Akwai wani mai kanti abokin Babana, yana da kujera mai matashi. Ya ɗan yi jiki, furfura ta fara fito masa a gemu. Yana son kunun gyaɗa, matarsa kuma ta iya shi." Iya ba ta ɗago kai. Takan ce, "To, madalla da shi," ta ci gaba da aikinta. Amma ranar duk wanda ya zo sayen ƙuli-ƙuli sai ya sami gyara.

Jikoki kam ba ta jin nauyin tambayarsu. Ba ta taɓa ganinsu ba. Ɗan nata yakan biyo in ya zo Kano sarin kaya, kullum yana cewa baɗi zai kawo iyali, hanya ce da nisa. Tun da kasuwa ta mutu shi kansa ya daina zuwa. Sai ta sa in kwatanta mata tsawonsu da hannu a jikin bango, in kwaikwayi maganarsu. In na ce yarinyar takan ce "Innata ya tafi kasuwa", Iya ta yi ta dariya har ta share ido, ta ce in sake.

Tambayoyinta suka sa na fara ganin garinmu kamar yau na sauka a cikinsa. Na ba ta labarin tulin ƙasar da aka haƙo, wanda ya fi kowane gini tsawo, da yadda ƙasa takan girgiza in an fasa dutse a rami, kwanuka su yi ƙara a kan kanta ba wanda ya waiwaya. Na faɗa mata wutar lantarkinmu daga gawayin Anu Araran take zuwa, da kantin ma'aikata da muke kira ekonoma, inda a da ake sayar da tuffa a tsakiyar hamada. Ta ce, "To su wane ne 'yan asalin garin?"

Na ce, "Babu, Iya. Kowa zuwa ya yi. Babana ya girmi garin."

Ta ajiye muciya ta dube ni. "Gari ba tsofaffi? To in an yi haihuwa wa ke wankan jego? In an yi faɗa wa ke raba ku?"

Sai da na yi tunani na tuna matar wani Bafillace da ta yi wa rabin layinmu wankan jego, da limamin da ya zo daga Tawa wanda ake kai wa kowace rigima. Ban taɓa lura cewa mun ari tsofaffin juna ba sai a bakin kaskon Iya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne surukarta. Ba ta san Abzinawa ba sai masu gadin da take gani da rawani a ƙofar manyan gidaje. Ni kuwa na sami abin da zan yi taƙama da shi. Na kwashe duk abin da na gani a hutun da nake zuwa wurin kakata cikin duwatsu na zuba mata. Na ce su Abzinawa mace ce mai ɗaki, bukkar tabarma tata ce, uwarta ke haɗa mata, in aure ya mutu miji ne ke fita. Na ce namiji ke rufe fuska, ba mace ba. Na ce abincinsu nono ne, shayi kuma sau uku ake zubawa, kowane da ɗanɗanonsa. Na koya mata gaisuwa, oyiwan, ta yi ta maimaitawa tana matsar mai. Matan suka ce lallai wannan ƙasa tasu ce da sun sani.

Bayan sanyi ya wuce labarai suka fara canzawa. Dama tun kafin in taho ana raɗe-raɗin samarin Abzinawa sun hau duwatsu da bindiga. Yanzu rediyo ya fara ambaton hanyarmu. An tare motoci tsakanin Agadas da Arlit, an hana tafiya sai da rakiyar soja, an fara kama Abzinawa a cikin gari, da wanda ya sani da wanda bai san komai ba. Ba waya a gidanmu, wasiƙa kuma ta daina zuwa. Ina zaune a aji amma hankalina na kan Inna da ƙannenta.

Iya ta daina yi mini tambaya. Da yamma in lokacin labarai ya yi takan ɗaga hannu, matan su yi shiru, a kunna rediyo a kan turmi. In na kamo tashar Faransanci, ta zuba mini ido har a gama, sannan ta ce, "Me suka ce?" In faɗa mata. Ba ta taɓa ce mini in daina kuka ba. Takan turo mini tire da ƙullin gyaɗa ta ce, "Murza mini wannan." Ina murzawa ina kuka, ita tana soyawa a gefena. Ƙuli-ƙulina duk a karkace yake fita, ta ce ba komai, na gida ne.

Ana gab da damina wani direban babbar mota daga Kano ya yi sallama a zaure. Baba Alhaji ne ya aiko shi da baki. Ya ce iyayena suna lafiya, amma an kama ƙanin Inna an tafi da shi, ba a san inda yake ba. Ya ce Alhaji ya ga zaman matarsa a garin ya yi wuya, zai turo ta da yaran a ayarin da soja za su raka nan gaba, shi zai tsaya ya kula da kanti.

Direban na fita Iya ta miƙe. Ta sa aka buɗe babban ɗaki aka share, aka shanya katifa. Sannan ta tsaya a tsakar gida tana auna wani fili kusa da bishiyar gwaiba da ƙafarta.

Na ce, "Iya, me za a yi a nan?"

Ta ce, "Bukka."

Na ce, "Ita fa a gari ta girma, Iya. Babanta gadi yake yi a kamfani. A gidan siminti na san ta."

Ta ce, "Ba ke kika ce mace da ɗakinta ba, uwarta ke haɗa mata? An koro yarinya daga ƙasarsu, uwarta ba ta nan. Wa zai haɗa mata in ba ni ba? In ba ta so, awaki su shiga."

Aka sayo tabarmin kaba da sanduna. Aka naɗa ni mai duba aiki, ni da ban taɓa kafa ko rumfa ba, sai dai in kwana a ciki. Matan suka ajiye gyaɗa wuni guda, ana lanƙwasa sanda tana karyewa, ana ɗaurewa tana kwancewa, kowa na tambayata ko haka ne, ina cewa kusan haka. Abin da muka samu a ƙarshe ya fi kama da akurkin kaji da aka faɗaɗa. Iya ta zagaya shi ta ce ya yi. Ta sayo akuya mai nono, ta aika wurin masu gadi aka sayo mata butar shayi da ƙananan kofuna.

Wata rana da la'asar suka iso. Matar Baba Alhaji ta shigo da jaka a hannu, sanye da atamfa kamar kowace matar gari, ta rame, idonta ya faɗa. Yaran suna manne da ita. Iya ta tsaya a bakin zaure, ta buɗe baki za ta yi gaisuwar da ta yi watanni tana koyo, sai harshenta ya haɗa ta da namu na gida, ta ce, "Oyoyo wan." Matar ta durƙusa ta gaishe ta da Hausa, ta kama hannunta ta riƙe ba ta saki ba.

Da aka shiga tsakar gida ta ga abin da ke kusa da gwaiba, ta tsaya. Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Iya ta ce, "Ɗakinki ne. Mun yi iya yinmu."

Matar ta matsa ta shafa tabarmar, ta leƙa ciki, ta taɓa wata sanda sai duk bukkar ta yi rawa. Kafaɗunta suka fara motsi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda mutum ya daɗe bai yi ba. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, can kuma hawaye suka biyo, ta rufe fuska da mayafi. Iya ta zauna kusa da ita.

Da ta natsu ta ce, "Iya, rabona da kwana a irin wannan tun ina yarinya, kafin dabbobinmu su mutu. Uwata ya sayar da tabarmin muka ci hatsi." Ta share fuska ta ƙara da cewa, "Allah ya saka da alheri. Amma in akwai fanka a ɗaki, yau dai mu kwana can."

Iya ta ce akwai, in an kawo wuta.

Bayan surukar ta huta kwana biyu, da kanta ta warware bukkar. Ta ce ƙofar ba nan take kallo ba, sandunan kuma sai an jiƙa su kafin a lanƙwasa. Tana yi tana tsayawa tana tunani, wani wuri ta tuna yadda uwarta take ɗaurewa, wani wuri ta ce ta manta, ta ƙirƙiro nata. Ta sa 'yarta riƙe igiya tana nuna mata. Da aka gama ta fito da kyau, ƙasa-ƙasa, mai sanyi a ciki. Ba wanda ya taɓa kwana a cikinta, amma nan aka koma shan shayi bayan la'asar. Iya ta sha kofi na farko ta yatsine fuska ta ce wannan ai magani ne. Na uku kaɗai take karɓa, mai zaƙin. Nonon akuyar kuwa yaran suka ƙi shi, suka ce su madarar gwangwani suka saba, Iya ce ta riƙa damawa da fura.

Surukar ba ta san dokar gidan ba. A ranar farko ta fara ba da labarin mijinta kai tsaye, yadda ya raka su har bakin mota, yadda gwiwarsa ke damunsa, har da kiran sunansa. Iya ta miƙe ta ce bari ta duba wuta, alhali ba abin da ke kan murhu. Ta tsaya a bakin madafa inda take jin komai. Matan suka so su gyara wa baƙuwar, Iya ta hana su, ta ce a bar ta da al'adarsu. Yaron kuwa, wanda kowa ya ce ubansa ne sak, Iya ta mai da shi maigidanta. Ta zaunar da shi a gabanta tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba, tana kallon fuskarsa iya son ranta.

Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi ne, da iska da tsawa. Yaran ba su taɓa ganin irinsa ba. Suka ɓuya a bayan uwarsu, da suka ga yaran maƙwabta sun fita tsirara suna tsalle a ƙarƙashin indararo, suka bi su. Yarinyar ta dawo a jiƙe tana cewa, "Kaka, zo ka gani, ruwa yana gudu a hanya." Iska ta ɗauke tabarmi biyu daga bukkar ta kai su gidan maƙwabta. Washegari aka karɓo aka shanya aka mayar. Haka aka yi ta fama da ita duk daminar.

A rubutun da na kai wa malamin nan na sa matsar mai da rabon aiki kamar yadda aka nema, amma rabinsa labarin bukkar ne. Ya kira ni ofis ya ce in ba shi da baki. Da na kai wurin fanka ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce shi ma akwai ƙauyen da ya yi shekaru yana rubutu a kansa, har yau in ya je sai sun gyara masa wani abu. Ya gyara mini Ingilishin da jan biro shafi bayan shafi, ya ba ni sakamako mai kyau.

Da shekara ta cika na haɗa kaya. Iya ta cika mini galan da mai, ta ƙulla ƙuli-ƙuli a buhu, na Inna daban, na Baba daban, da wani ƙulli babba da ba ta ce na wane ne ba. Ta rako ni bakin zaure ta ce, "Kin ci mini tuwo shekara guda ba ki yi ƙiba ba. Ki ce wa innarki ba laifina ba ne." Ta juya ciki da sauri kafin in amsa.

Surukar da yaran sun zauna a wurinta har aka yi sulhu. Kantin bai farfaɗo ba, daga baya Baba Alhaji ya rufe shi ya bi iyalinsa Zariya, matarsa ta gaji kaskon Iya. Ƙanin Inna ma an sake shi bayan watanni, ba wanda ya gaya masa laifinsa. Amma duk wannan daga baya ne.

A Agadas na jira har aka tara motoci, muka kama hanya a jere, soja a gaba soja a baya. Na sami Inna a ƙofar gida, ta rungume ni tana faɗa wai na yi baƙi. Na tambayi Baba, ta ce yana lambu. Ban san yana da lambu ba. Ashe shi da wasu da aka sallama tare sun sami fili a gefen gari inda ruwan kamfani ke malala, sun kama shuka.

Na same shi a durƙushe tsakanin kunyoyin tumatir da salati, wato latas, hannun da ya saba da sitiyari ya yi kanta da laka. Ya miƙe a hankali yana riƙe da ƙugu, muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi tsohuwar. Sannan ya miƙo mini tiyo ya ce in riƙe masa. Yana gyara bakin kunya da fartanya ya ce, "To, wannan karatu da kika je yi, in an gama wane aiki ake yi da shi?"

Na ce, "Ni ma ban gama sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, kamar amsar ta ishe shi. Ya ce, "Sauke hannunki ƙasa kaɗan, kina tone mini saiwa."